Ramin da Na Rufe

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe bakwai saura na safe

Na sayi wannan littafin ne don rubuta awon wayoyin kamfani, ga shi yau ina rubuta abin da ba awo ba. Jiya aka kawo Baffa Sabo asibiti. Ina zaune a benci a bakin ɗakin da aka kwantar da shi, matarsa Inna Ladidi tana ciki. Har yanzu kayan aikin jiya ne a jikina. Akwai tabo a hannun rigar, na naɗe shi ciki don kar in gani.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya tsaya a kaina ya ce, "Sannu Injiniya, Allah Ya sa kaffara ce." Wai ni ake yi wa sannu. In ce amin, in sunkuyar da kai.

Laraba, bayan la'asar

Ya farka. Ruwa ya nema, sannan ya tambaya ko an kashe injin.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya

Likita bai faɗa mini da baki ba. Nasa hannun na dama ya miƙo, ya ɗora yatsa ƙasa da gwiwar hannu kaɗan, ya ce, "A nan muka tsaya."

Na dama. Da shi Baffa ya riƙe ni ranar da aka fita da gawar Malam, mahaifina, daga gidanmu na Hayin Banki, ina shekara tara. Baffa ƙanen mahaifina ne. Malam ya ɗauki allo da tawada, shi kuma ya ɗauki sifana. Bayan rasuwar ya tafi da ni gidansa na Rigachikun, ya haɗa ni da 'ya'yansa, bai taɓa bari na ji bambanci ba. Shi ya koya mini fere waya. Da dangi suka taso wai mace ba ta karatun lantarki, cewa ya yi, "Wuta ba ta san ɗankwali ba." A bayan mashin ɗinsa na je Foli, kwalejin fasaha, ranar farko.

Shekara talatin da huɗu yana aiki da injuna, tun daga masaƙa har wannan kamfanin casar shinkafa na Katabu. Ko farce bai taɓa rasawa ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ciwo a ƙarƙashinsa. Ba shi da mota, ba shi da gidan sama, da wannan yake tinƙaho. Shekara biyu da suka wuce aka ɗauke ni kula da na'urorin da ke sarrafa injunan, wato a takarda ni ce sama da shi. Ranar har kaza ya sa aka yanka.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Manaja Alhaji Idi ya zo da ledar lemo da wata takarda. Bayan dogon jaje ya ce, "Malam Sabo, ba don komai ba sai don cika takarda. Da kwararon shinkafar ya toshe, ka danna tsayarwa a allo kafin ka sa hannu?"

Baffa ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce, "Ban danna ba. Na ga sukurun da ke tura shinkafar a tsaye, na manta rumbu ne ya cika ya tsayar da shi. Da rumbun ya ragu sai ya tashi. Mantuwar tsufa ce, Alhaji."

Alhaji Idi ya rubuta, ya sauke wata ajiyar zuciya da ko kunyar ɓoye ta bai ji ba. Ya ce an rufe layin, kada kowa ya taɓa komai har ranar ashirin da takwas, lokacin da kwamitin masu kamfani zai zo da injiniya daga waje.

Amma Baffa ya danna. Ina bakin ƙofa zan fita na gan shi da idona. Ya danna, allo ya koma ja, ya yi bismillah, ya naɗe hannun riga. Ban kai ƙarshen barandar ba na ji ƙarar.

Ina tsaye riƙe da fulas ɗin kunu yana faɗin ƙaryar nan, ban ce uffan ba. Ni da ake cewa bakina ba ya ajiye magana.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Mijina, Abban Ilham, ya ce in ci wani abu ko don yarinyar. Na ci loma uku don ya daina kallona.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na koma aiki. Kamfani shiru, sai tattabaru a kan rumbu. Bari in rubuta abin sau ɗaya tun daga tushe, tunda takarda ba za ta kai ni ƙara ba.

Allon da ake taɓawa a tayar da inji ko a tsayar da shi, ta wata siririyar waya yake aika umarni, kamar mai raɗa. A kwararo ɗaya da ita manyan kebul na injin casa suke wucewa, kuma duk sanda suka ja wuta sai su watsa hayaniyar lantarki. Don kada hayaniyar ta shiga siririyar wayar ta zama umarnin ƙarya, an lulluɓe ta da rigar saƙaƙƙen ƙarfe, an haɗa rigar da ƙasa. Hayaniya ta bi nan ta nutse. Waɗanda suka kafa kamfanin sun yi wa allon nasa ramin atin daban, wato inda ake haɗawa da ƙasar, a bayan ɗakin fanel: sandar jan ƙarfe a binne, da gawayi da gishiri. Ramin yana aiki ne in ƙasar da danshi.

Ko dace ne ko dabarar wani, daidai kan ramin ma'aikata suka kafa wurin alwala. Shekara tara, mutum kusan sittin, azahar da la'asar, ruwan yana gangarawa ciki.

A watan Disamba na ga bangon ɗakin fanel yana jiƙa. Na ce ba a haɗa ruwa da wuta a gabana. Na sa aka mayar da wurin alwala bakin get, aka yi masa tayil da magudana mai kyau, aka zuba siminti a tsohon wurin. Kowa ya yaba, har limamin kamfani ya sa mini albarka. Ranar zuba simintin Baffa ya zo ya tsaya a gefena ya ce a hankali, "Injiniya, ki bar ɗan bututu a ramin nan, ko bokiti ɗaya ne in dinga zubawa da safe. Allon nan haukacewa yake in ramin ya bushe. Na gani shekarar da famfo ya lalace."

A gaban magina na yi dariya na ce, "Haba Baffa, ai ba shuka ba ce."

Suka yi dariya. Shi ma ya taya su.

Ba wai ban san daidai ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Na san rami daban-daban kuskure ne tun asali. Abin da ya kamata shi ne a haɗe atin ɗin allo da na injuna da faffaɗan jan ƙarfe guda, a damƙe rigar wayar a jikin fanel da maƙali. Na rubuta shi a jerin ayyukana. Na ce bayan azumi. Da azumi ya wuce na ce bayan sallah.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe goma da minti arba'in

Mako guda cif. Daidai wannan lokacin.

Na ɗauki mita na zagaya baya, na ce wa mai gadi zan duba tankin ruwa. A tsohon kundin kamfani awon ramin bai taɓa wuce om biyar ba, kuma iya ƙanƙantar awon iya lafiyar ramin. Yau ɗari da goma sha biyu. Na sake awo sau uku, ko mitar ce ta lalace. Ƙasar gefen simintin ta tsattsage, in ka taka sai ta marmashe. Wannan ba atin ba ne, sanda ce kawai a cikin toka. Na ɗauki hoton mitar da wayata, ban san dalili ba.

Tun watan Fabrairu allon ya fara. Lambobin sikeli su yi tsalle, shafi ya canza ba wanda ya taɓa. Sau uku Baffa ya kawo mini ƙara. Sau uku ina kashewa in kunna, ya lafa, in koma ofis.

Akwai magana guda da na faɗa masa ranar Talata da safe. Ba yau zan rubuta ta ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya saura

Sun liƙa takarda a allon sanarwa. "Darasi daga sakacin Sabo Shu'aibu." Da sunansa da na kakana, baƙi a kan fari, a inda kowa ke sa hannun shigowa. A ƙasa an jera dokoki, ta farko wai a kashe babban makunni a sa kwaɗo kafin a taɓa inji.

Kai jama'a! Wane kwaɗo? Kashe babban makunni yana kashe layin gaba ɗaya, sai an yi minti arba'in kafin a sake tashi. Alhaji Idi da kansa yake zagaye yana duba agogo in an kashe. Kowa a allo yake tsayarwa, ni na sani, shi ya sani. Na shiga ofishinsa ban yi sallama ba na ce a cire takardar nan. Ya ce, "Injiniya, ai shi ya faɗa da bakinsa. Ko kina da wata maganar?"

Ya tsare ni da ido. Duk zafin da na shigo da shi ya tsiyaye. Na ce ba ni da ita.

Da na fito na ji Haruna, wanda Baffa ya koya wa aiki da hannunsa, yana cewa wasu, "Allah sarki, tsufa ba ya sallama. Shi da yake mana faɗa kullum." Ba da mugunta ya faɗa ba. Da da mugunta ne da na samu wanda zan huce a kansa.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

An sallame shi, mun kai shi Rigachikun. Gida ya cika da 'yan dubiya. Da aka kawo tuwo ya zauna yana kallon kwanon. Mutumin da ya taɓa buge mini hannu don na ɗauki ƙosai da hagu. Inna Ladidi ta kawo cokali ta ajiye. Ya ɗauka da hagun, miya ta zube masa a riga, ya yi murmushi ya ce wa baƙi, "Sabon ɗan makaranta ne, ku yi masa uzuri."

Da aka kira salla ya ɗauki buta da kansa, ya tsuguna a gindin zogalen Inna. Nan ya tsaya. Hannu ɗaya ba zai riƙe buta ya kuma wanke kansa ba. Na tashi zan je, Inna ta riga ni. Na shige ɗakin da na girma a ciki na toshe bakina da matashi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na same shi shi kaɗai a zaure yana jan carbi da hagu. Na durƙusa na ce, "Baffa, na auna ramin."

Ya ce, "Nawa?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai kamar na gaya masa yau Lahadi.

Na ce, "Na gan ka ka danna."

Ya ce, "Na san kin gani. Ni ma na gan ki a bakin ƙofa." Sai ya ajiye carbin. Bai ce Injiniya ba. "Safara'u, saurare ni. Ni na gama. Ko da hannu biyu, shekara nawa ta rage mini a gaban inji? Ke yanzu kika fara. Mata nawa ne a aikin nan daga nan har Zariya? In kika buɗe baki ba za a ce Safara'u ta yi kuskure ba, cewa za a yi dama mun faɗa, a rufe ƙofar har ga na bayanki. Hannu ya riga ya tafi, kada ki sa ya tafi a banza."

Na ce sunansa fa, yana can a liƙe kowa na karantawa.

Ya ce, "Sunana ne, ni na ga damar bayarwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki yi shiru, in an buɗe layin ki gyara abinki kafin wani ya sa hannu. Wannan umarni ne, ba shawara ba."

To bari in rubuta ta yau. Ranar Talata da safe, ƙarfe tara, ya same ni ya ce allon ya sake canza shafi da kansa, shi hankalinsa bai kwanta ba, yau babban makunni zai dinga kashewa ko Alhaji zai mutu. Na shiga na kashe na kunna, kamar kullum. Na fito na ce masa, "Na gyara, Baffa. Ka yi aikinka hankali kwance."

Ya ce, "To, tunda Injiniya ta faɗa."

Ba allon ya yarda da shi ba. Bai taɓa yarda da allon nan ba. Da ni ya yarda.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, na farko a bana. Na tsaya a tagar ofis ina kallo sai lissafin ya zo mini da kansa. Indararon ɗakin fanel daidai gefen simintin yake zuba. In aka yi ruwa mai kyau kafin Litinin, ramin zai sha, awo ya sauko, allo ya nutsu. Injiniyan waje zai zo ya tarar da komai lafiya lau.

Na tsinci kaina ina so a yi ruwan. Astagfirullah. Na rubuta don kada gobe in ce ban yi ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da asuba

An yi. Kamar da bakin ƙwarya.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe goma

Jiya ma an sake. Garin ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi, manoman Katabu sun fito da garma, kowa fuska a sake. Na zagaya na auna. Om tara. Ramin ya wanke ni tas.

Yanzu babu abin da ya rage sai hoto ɗaya a wayata, da wannan littafin, da ni. Na buɗe hoton na ɗora yatsa a kan gogewa har wayar ta gaji ta yi duhu.

Na gaya wa Abban Ilham komai bayan ya dawo daga masallaci. Na zaci zai yi mini lissafin ma'aikacin gwamnati, ya ce a bi a hankali. Sai ya ce, "Baffa yana da ikon yafe hannunsa. Amma ke ce za ki dinga wuce takardar nan kullum da safe. Ni dai na ga yadda kika koma cikin sati biyu." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da rana

Ban je Rigachikun ba. In na je zai sa in yi masa alkawari.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi

Mutum huɗu suka zo, da Injiniya Hassan, dattijo mai furfura da ba ya son dogon zance. Ya auna ramin, takwas da ɗigo. Aka tayar da layin babu shinkafa, aka tsayar, aka tayar, sau goma. Allon ya yi ladabi kamar ɗan da baƙi suka zo gidansu. Muka koma ɗakin taro, ya ce shi bai ga matsala a na'ura ba. Shugaban kwamiti ya ce to ke nan maganar Malam Sabo ta tabbata, a rufe. Alhaji Idi har ya fara raba ruwan roba. Aka turo mini takardar in sa hannu a matsayin mai kula da na'urori.

Na karanta layin ƙarshe. "Sakacin ma'aikaci." Na ɗauki biro da hannun dama. Hannun kawai na kalla, wallahi ba wani tunani mai zurfi na yi ba. Na ajiye biron.

Na ce, "Ya danna tsayarwa. A gabana ya danna."

Na miƙa wa Injiniya Hassan wayar. Na faɗi wurin alwala, na faɗi siminti, na faɗi bututun da Baffa ya roƙa da amsar da na ba shi. Na faɗi ƙara uku da ya kawo. Na faɗi "Na gyara, Baffa" da na ce masa ranar. Ban tsallake ko ɗaya ba. Da Alhaji Idi ya fara cewa Injiniya tana cikin damuwa ne saboda ɗan'uwanta, na juya na ce masa ya faɗa musu wa ke duba agogo in an kashe babban makunni. Ya ajiye robar ruwan.

Injiniya Hassan ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Ɗari da sha biyu." Ya cire tabarau ya goge. "Kin san da kin yi shiru babu mai ganowa har abada?"

Na ce na sani.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

An dakatar da ni har sai an gama bincike. Na roƙi alfarma ɗaya, a bar ni in yi gyaran kafin in fita, Injiniya Hassan ya tsaya a kaina. Muka ja faffaɗan jan ƙarfe daga fanel zuwa atin ɗin injuna, muka kankare fenti a inda noti zai zauna don ƙarfe ya taɓa ƙarfe, muka damƙe rigar wayar da maƙali, muka raba siririyar wayar da manyan kebul. Aka rataya kwaɗo shida a jikin babban makunni. Na sa aka fasa simintin aka kafa bututu.

Awa biyu da minti goma. Na duba agogo da muka fara, na duba da muka gama. Awa biyu da minti goma ne tsakanin Baffa da hannunsa, ni kuma na ce bayan sallah.

Da zan fita na ga an cire takardar. Haruna ne ya cire, ya tsaya riƙe da ita ya kasa kallona. Na karɓa na ninke na sa a jaka.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe biyar

Labari ya riga ni zuwa Rigachikun. Na yi sallama a ƙofar ɗakinsa sau uku. Ya amsa sallamar, don ita wajibi ce, sannan ya juya fuska bango.

Na ce, "Baffa, an cire takardar. An ce za a rubuta cewa ba ka yi sakaci ba."

Ya ce wa bangon, "Na ba ki abu ɗaya da ya rage mini, kin dawo mini da shi a gaban mutane. Jeki."

Inna Ladidi ta raka ni zaure. Ita ba ta san komai ba sai jiya. Na jira ta zage ni, na so ta zage ni. Ta gyara mini mayafi ta ce, "Ki dinga zuwa dai." Idonta bai haɗu da nawa ba, kuma ba ta ce ta yafe ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Na je. Bango.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Na je. Ya ce wa Inna ta ce barci yake. Ina jin tarinsa.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Wata guda ba kwana biyu. Na isa gidan ana kiran la'asar. Inna ta tafi barka maƙwabta, gidan babu kowa. Na tarar da shi tsugune a tsakar gida, ya matse buta tsakanin gwiwoyinsa yana ƙoƙarin karkato ta. Ta kuɓuce, rabin ruwan ya zube masa a ƙafa. Ya ɗaga ya sake, ta sake kuɓucewa. Na tsaya a bakin zaure, ban matsa ba, ban koma ba.

Bai ɗago ba ya ce, "Tsayuwar me kike yi? Salla za ta wuce."

Na cika butar na durƙusa a gabansa. Na zuba, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Da aka zo hannu ya miƙo mini na daman, abin da ya rage, an cire bandejin. Yau na fara ganinsa. Ya wanke shi da hagu har gwiwa, sau uku, bai gaggauta ba. Sannan ya miƙo na hagun ya ce, "Wannan sai ke." Na zuba da ɗaya na cuɗa da ɗaya. Hawaye ya hana ni ganin inda ruwan yake sauka.

Ya ce, "Haruna ya zo jiya. Ya ce kin sa bututu."

Na ce na sa.

"Wa ke zuba ruwan?"

Na ce yanzu an haɗe komai, ko ramin ya bushe allon ba zai sake ba.

Ya ce, "Ban tambaye ki wannan ba."

Na ce Haruna ne, bokiti ɗaya kullum da safe.

Ya gyaɗa kai. Ya shafi kansa, na wanke masa ƙafafu. Bai ce ya huce ba, bai kira ni Injiniya ba, ban sani ba ko zai sake kira. Da ya miƙe na ɗauki butar zan watsar da ɗan ragowar ruwan a kan siminti, sai ya tare ni da guntun hannun, ya nuna mini gindin zogale.

Ya ce, "Can za ki zuba. Wannan shuka ce."